Gidan haya na haɗin gwiwa a Zariya: takarda ɗaya, kamfani, ko kowa da fulat ɗinsa?

Tun da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a farkon 2024, mutanen da a da kowannensu kan lallaɓa ya tayar da ɗakuna huɗu shi kaɗai sun koma neman abokan haɗa kuɗi. A 'yan watannin nan sau uku ana samuna da magana iri ɗaya. Wani malamin jami'a da abokan aikinsa tara sun ga fili a Hanwa. Wasu 'yan kasuwar Sabon Gari su uku suna son bene mai fulat shida wajen Palladan. Sai wata Hajiya da ƙannenta biyu da ke son zuba kuɗin gadonsu a gini kafin ya narke. Kuɗi sun haɗu, fili ya samu, amma duk sun tsaya a wuri ɗaya: da sunan wa za a rubuta?

Ni ba lauya ba ne. Suna tambayata ne don na taɓa shiga irin wannan haɗaka, na kuma ji a jikina.

Kafin komai, a san wannan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Fili mai satifiket ba a sayar da shi ko a jinginar sai da amincewar gwamna, a jiharmu ta Kaduna kuma ta hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye, ake bi. Izinin gini kuwa na KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin satifiket. Duk hanyar da kuka zaɓa, a kan wannan za ta hau.

Ma'aunan da nake aunawa da su

Na farko kuɗi: nawa za a kashe wajen kafa tsarin, nawa kuma zai riƙa ci duk shekara. Na biyu ƙarko: in ɗayanku ya rasu, ko zumunci ya yi tsami, tsarin zai tsaya? Na uku sauƙin gudanarwa: wa ke karɓar haya, wa ke cewa a gyara rufi? Na huɗu hanyar fita: in na matsu ina son kuɗina, ta ina zan bi, wata nawa zai ɗauka? Na biyar haɗari, wato cin amana, da fulat ya kwana ba ɗan haya.

A cikin biyar ɗin, na biyu da na huɗu sun fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, kuma su ne ba a son tattaunawa ranar da ake murnar sayen fili. Kowa na jin nauyin ya ambaci mutuwa ko rabuwa a gaban abokinsa.

Ga lissafin da zan riƙa komawa gare shi. Alƙaluman na misali ne kawai, ku sa naku. Bene mai fulat shida, hayar kowanne Naira 700,000 a shekara, jimilla 4,200,000. A ware kashi 15 cikin ɗari na gyara, kashi 10 na mai kula da gida. Saura 3,150,000. Mai kashi 10 cikin ɗari na jarin zai tashi da 315,000. In fulat ɗaya ya yi shekara a rufe, kasonsa ya sauko 262,500. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Fulat a rufe kuwa ba abin mamaki ba ne a garin nan. Kasuwar hayar Zariya a kan makarantu ta jingina: ABU a Samaru da Kongo, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin jiragen sama, Nuhu Bamalli da sauransu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk mai ɗakunan ɗalibai a Samaru ko Zango ya san yadda shekarar nan ta kasance.

Hanya ta farko: gida ɗaya, takarda ɗaya, kowa da kasonsa

Ita ce wadda kusan kowa ke faɗawa ciki ba tare da ya san ya zaɓa ba. An haɗa kuɗi, an gina, hayar da ta shigo a raba gwargwadon jari. Babu wanda zai nuna fulat ya ce nawa ne, kowa na da rabo a kowane bulo.

Wajen kuɗi babu wadda ta kai ta araha. Kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, kuɗin rajistar fili, sai harajin ƙasa na shekara. Gudanarwa ma da sauƙi in ku biyu ne ko uku: waya ɗaya ta wadatar. Ta kuma dace da abin da malamanmu suka sani. A mazhabar Malikiyya riba da asara a tarayya suna bin girman jari ne, kuma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: in ɗayanku ya sayar wa bare, kana iya biyan wannan farashin ka karɓe. Sai dai wanda yana gari, ya ji labari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi.

A nan ni na yi tuntuɓe. Mu huɗu muka gina, muka ce a sa sunan babbanmu a satifiket don kada a yi ta yawo da takardu. Mutumin kirki ne, sisin kwabo bai taɓa ci mana ba. Shekara ta shida Allah ya yi masa rasuwa, ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Bayan an share makoki muka je gidan, babban ɗansa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya kawo ruwa, ya zauna a ƙasa. Na yi bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Baba, wallahi ban ƙaryata ku ba. Amma takardar da muka gani a akwati sunan mahaifinmu ne kaɗai a kai, kuma akwai marayu ƙanana a ciki. Ni ba ni da ikon in ce na yarda a madadinsu.”

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya cece mu tsofaffin takardun banki na kuɗin da muka tura, da wani littafin makaranta mai layi da marigayin ke rubuta rabon haya da hannunsa, kowa da sunansa da adadinsa. Da su alƙali ya tabbatar da kasonmu. Amma sai da aka yi wata goma sha huɗu haya na tsare, daga nan kuma masu kason marigayin suka tashi daga mutum ɗaya zuwa goma sha uku, wasunsu na son kuɗi a hannu. Hukuncin fiƙihu a nan a fili yake: abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, in wani mai rabo ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Aka sayar da gidan a lokacin da ba mu so ba.

Saboda haka in wannan hanya za ku bi, sunan kowa ya hau takarda, kuma a rubuta kason kowa ƙarara da alƙalami. Akwai dalili na biyu. A dokar da muka gada daga Ingila akwai wani nau'in mallakar haɗin gwiwa da in ɗaya ya mutu rabonsa ke komawa ga abokan da suka rage, magada ba su da komai. Musulmi ba ya son takardarsa ta zo da wannan fassarar. Ku gaya wa lauya tun farko.

Fita a wannan tsari tana da wuya. Bare ba ya son sayen rubu'in gidan da bai san sauran masu shi ba, don haka kasuwarka abokanka ne kawai, su ma sun san haka. Sauya suna a satifiket kuma sai an sake komawa neman amincewar gwamna.

Hanya ta biyu: kamfani ya mallaki gida, ku ku mallaki kamfani

Ana yin rajistar kamfani a hukumar CAC, a sayi fili da sunansa, kowa ya riƙe hannun jari gwargwadon kuɗinsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa Naira 100,000, mambobi kuma kada su wuce 50. Dokar ta kuma hana mutum sama da 20 su yi tarayyar kasuwanci ba rajista, in ban da wasu rukunai da ta keɓe, don haka in kuna da yawa zaɓin ya ragu da kansa.

Ta fi ta farko tsada, kuma tsadar ba ta ƙarewa. Bayan kuɗin rajista akwai rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC, in an makara a ci tara. Akwai takardun haraji ko da kamfanin ƙarami ne, akwai akawun da zai haɗa lissafi, kuma ribar da aka raba wa masu hannun jari ana cire mata kashi 10 cikin ɗari na haraji. Mutanenmu da yawa kan yi rajista da zumuɗi, su jefa takardu a durowa, sai shekara biyar banki ya nemi wani abu a tarar da tara ta taru. In babu mutum ɗaya a cikinku mai son aikin takarda, wannan hanya za ta gajiyar da ku.

Abin da kuke saye da wannan wahala shi ne ƙarko. Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Da namu gidan a sunan kamfani yake, da magada goma sha ukun nan hannun jarin mahaifinsu za su raba bisa ƙa'idar gado, su kawo takardar kotu a sauya sunaye a rajistar mambobi, satifiket na nan yadda yake, 'yan haya ma ba za su san an yi ba. Fita ma haka: ka sayar da hannun jarinka, ko rabinsa, ba tare da an taɓa takardar fili ba. Shuf'a kuma ana iya dasa ta a kundin kamfanin, a rubuta cewa ba mai sayar wa bare sai ya fara tallata wa 'yan ciki.

Haɗarinta daban ne. A kamfani ƙuri'a na bin hannun jari, mai rinjaye shi ke da wuƙa da nama. Yana iya naɗa ɗansa manaja da albashi mai tsoka, ya ce bana babu ribar rabawa, kai mai kashi 10 kana kallo. Maganin wannan a kundin kafawa yake, kuma ranar farko ake sa shi, lokacin da kowa ke son kowa. A rubuta cewa sayar da gida, ko jinginar da shi, ko cin bashi da sunansa, sai da yardar masu kashi uku cikin huɗu ko ma kowa da kowa. A rubuta cewa kuɗi ba sa fita daga asusu sai da sa hannun mutum biyu. A rubuta kashi nawa na haya dole a raba duk shekara. A rubuta wa zai yi wa hannun jari kuɗi in za a fita, misali ƙwararren mai kimanta gidaje da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Wanda ba ya son bashin ruwa ya sa a rubuta wannan ma.

Wani abu da ake yawan kuskure: a sayi fili da sunan mutum, daga baya a ce za a mayar wa kamfani. Wannan sabon ciniki ne a idon gwamnati, da sabon kuɗi. A fara kafa kamfanin, sannan a biya kuɗin fili.

Hanya ta uku: kowa da fulat ɗinsa

Wannan ita ta fi shiga ran mutane, don Bahaushe na son ya nuna ƙofa ya ce tawa ce. An gina tare, an raba: Alhaji fulat biyu na ƙasa, Malam ɗaya a sama, kowa ya sa ɗan hayarsa ya karɓi kuɗinsa. Mutanen Abuja sun saba da ita tun da aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya zamanin Obasanjo, bene ɗaya masu shi shida ko takwas. Wasu ƙasashe sun yi mata doka ta musamman, Afirka ta Kudu a 1986, Kenya a 2020. A nan abin da lauyoyi suka saba yi shi ne babban satifiket ya zauna da suna ɗaya, a yanka wa kowane mai fulat takardar haya ta dogon zango a ƙarƙashinsa, a yi mata rajista. Ma'ana kuɗin lauya da na rajista sau adadin fulat, don haka wajen kafawa tana iya fin sauran biyun tsada. Kuma a kula da wanda babban satifiket ke hannunsa. Mafi aminci ya zama ƙungiya ko ƙaramin kamfani na masu fulat ɗin, ba ɗayansu ba.

Wajen fita da gado ta yi kyau. Fulat abu ne da mai saye ke gani da ido, magada ma su san abin da suka gada. Amma da an raba, shuf'a ta tafi, maƙwabcinka na iya sayar wa wanda ya ga dama, ko ya zuba samari takwas a fulat ɗin da ke saman iyalin da ka sa.

Ku koma lissafin ɗazu. A hanya ta farko da ta biyu, fulat ɗaya a rufe ya rage wa mai ƙaramin kaso 52,500 ne kawai. A nan, in naka ne a rufe, ba ka da ko kwabo a shekarar, kuma kuɗin maigadi na jiranka.

Babbar matsalarta abubuwan da ba na kowa ba: rufi, matakala, katanga, rijiyar burtsatse, tankin sama, sokawe. Na taɓa shiga wani bene a Tudun Wada da aka raba haka. Bututun banɗakin sama ya tsage a cikin dekin, ruwa na ɗiga a kicin ɗin ƙasa, fentin silin ya kumbura ya yi baƙi, matar gidan ta ajiye roba a kan kantar girki tana juyewa safe da yamma. Mai sama ya ce shi ɗakinsa a bushe yake. Mai ƙasa ya ce ba bututunsa ba ne. Damina biyu robar nan na wurin. Abin sha'awa, malaman da suka gabata sun riga mu tunanin wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda har yau ake karantawa a zaurukan birnin Zazzau, an ɗora gyaran ƙasa da itacen rufinsa a kan mai ƙasa, in ya ƙi a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Su sun fayyace tun tuni, mu kuma muna gina bene na miliyoyi ba layi ɗaya a kan wa zai kwashe sokawe.

In za ku bi nan, asusun gyara dole ne, a riƙa zuba masa kuɗi duk shekara kafin wani abu ya lalace, tare da hukuncin wanda ya ƙi biya. Kowane fulat da mitarsa ta kati, injin ruwa ma da tasa mitar daban.

Wasu hanyoyi biyu a taƙaice

Ƙungiyar gama kai, irin wadda ma'aikata ke yi ana cire musu a albashi, tana iya mallakar gida in tana da rajista, kuma mutum goma sun isa kafa ta. Arha ce, amma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa, shugabanci kuma na sauyawa, mai babban jari ba zai ji daɗinta ba. Akwai kuma asusun zuba jari a gidaje da ake cinikinsa a kasuwar hannun jari ta Legas, irin su UPDC REIT da SFS REIT. Da kuɗi kaɗan ake shiga, ba ruwanka da ɗan haya, sai dai gidajen ba a Zariya suke ba, ba ka da ta cewa, kuma mai kaffa-kaffa da kuɗin ruwa sai ya binciki inda suke ajiye rarar kuɗinsu.

| Ma'auni | Takarda ɗaya | Kamfani | Kowa da fulat |
|---|---|---|---|
| Kuɗin kafawa | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| Kuɗin shekara | Harajin ƙasa | Rahoto, akawu, haraji | Asusun gyara |
| In ɗaya ya rasu | Ana iya tilasta sayarwa | Gida ba ya motsi | Fulat ɗinsa kawai ya shafa |
| Gudanarwa | Sauƙi ga mutum 2 ko 3 | Sai da mai riƙe takardu | Rigimar rufi da ruwa |
| Fita | Wuya | Sauƙi in an rubuta ƙa'ida | Mafi sauƙi |
| Fulat a rufe | Asarar kowa | Asarar kowa | Asarar mutum ɗaya |
| Babban haɗari | Suna ɗaya a satifiket | Danniyar mai rinjaye | Wanda ya ƙi biyan gyara |

Wa ya dace da wacce

Malamin jami'a da abokansa tara na ce musu kamfani, ban ko yi jinkiri ba. Mutum goma a takarda ɗaya gidaje goma ne na magada, kuma tunda ɗalibai za su sa, gara asarar yajin aiki ta rabu a kan kowa. A cikinsu akwai malamin lissafin kuɗi, aikin takarda ba zai gagare su ba. Duk haɗakar da ta wuce mutum huɗu, ko jarin ya bambanta sosai, ko wasu na zaune a Abuja ko waje ba sa ganin gidan, nan zan tura ta.

'Yan kasuwar Sabon Gari kowa da fulat ɗinsa ya fi musu. Jarinsu daidai ne, biyu-biyu, kuma ɗan kasuwa na iya buƙatar kuɗi cikin gaggawa in kaya sun zo. Ɗayansu ma so yake ya sa ɗansa da zai yi aure a ɗaya, abin da a tsarin rabon haya kan jawo ƙananan maganganu. Na roƙe su su yi ƙuri'ar rabon fulat tun ana harsashi, don na ƙasa da na sama ba darajarsu ɗaya ba, su kuma buɗe asusun gyara kafin a yi fenti.

Wanda kuɗinsa bai kai rabin fulat ba, kuma ba ya son taro, ya duba ƙungiyar gama kai ta wurin aikinsa ko asusun kasuwar hannun jari.

Hajiya ce ta fi ba ni tunani. Su uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gidan fulat huɗu, kuma ba mai son zirga-zirgar ofis a cikinsu. Takarda ɗaya ta ishe su, muddin sunayen ukun sun hau, da kason kowa, da sharaɗin cewa in ɗaya ya rasu sauran na da wata shida su sayi rabonsa a farashin mai kimantawa kafin a yi zancen sayar da gida. Ta ce, “Malam, ai ƙanina ne, ni na goye shi. Yaya zan kai shi gaban lauya?” Na ce, “Hajiya, ba don shi ba ne, don 'ya'yansa da naki ne.” Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko lauyan zai yarda ya zo gida ranar Asabar, lokacin da ƙaramin ke dawowa daga Kaduna.